Tsuntsu daga sama gasasshe a ƙarshen kowane littafi: aibi ne, ko haka labarin yara yake?

Maman Walida, Pantami

Assalamu alaikum malamai da marubutan wannan zaure. Akwai rubutun wata baiwar Allah a hannuna, ta ce in duba mata kafin ta kai maɗaba'a. Jerin littattafai ne guda 4 na yara 'yan shekara 9 zuwa 12, kowanne babi 12, shafi kamar 60. Labarin Talatu ne da ƙanenta Ɗanlami, da suka faɗa wani birnin aljanu da dodanni a ƙarƙashin Dutsen Bima. Hausarta mai daɗi ce, kuma ta iya sa gaban mai karatu ya faɗi. Inda na tsaya cak shi ne ƙarshen kowane littafi.

A na ɗaya, Dodo ya kulle su a rumbu. A babi na 11 sai ga wata tsohuwa da ba a taɓa ambatarta ba, ta buga ƙwarya sau uku, rumbun ya tsage. A na biyu, macijin tsafi ya sari Ɗanlami har jikinsa ya fara sanƙarewa, sai wani zobe da Talatu ta tsinta a hanya ya kama haske ya zuƙe dafin. Sau ɗaya tak aka ambaci zoben, a layi ɗaya, ba a ce yana da wani amfani ba. A na uku rundunar aljanu ta ritsa su a bakin kogi, sai mikiya ta sauko ta kwashe su. A na huɗu, saura shafi biyu littafi ya ƙare, aka ce ashe Talatu jikar wata tsohuwar sarauniya ce, don haka takobin sarkin dodanni ba ya cin ta.

Abin bai kwanta mini ba. Ita kuwa marubuciyar ta ce ai labarin yara ne, tatsuniya ma haka take, kuma yara ba sa tambayar irin wannan. To don Allah, aibi ne ko kuwa? In aibi ne, ta yaya ake gane ceton da ya dace da wanda aka jefo? Sannan akwai hanyar gyara ba tare da an rushe littattafan duka ba?

Malam Na-Azare

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, abin da kika ji a jikinki daidai ne, kuma tsohon aibi ne. A tsohuwar Girka, idan marubucin wasan kwaikwayo ya ƙulla rikicin da ya kasa kwancewa, sai a ɗaure ɗan wasa a jikin wata na'urar katako da igiya mai kama da jigon ban ruwa na 'yan lambu, a sauko da shi daga sama a matsayin ɗaya daga cikin gumakansu, ya yanke hukunci, wasa ya tashi. Aristotil, masanin falsafa na Girka, ya soki wannan tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam, ya ce dole warwarar ƙulli ta fito daga cikin labarin kansa.

Amma maganar cewa tatsuniya ma haka take, nan nake son in ɗan daɗe, domin an yi wa tatsuniya ƙage. Ɗauki ta 'yar bora da 'yar mowa, wadda kowane gari da yadda yake ba da ita. 'Yar bora takan dawo gida da dukiya daga cikin ƙwai. Wanda ya dubi ƙarshen kawai zai ce sa'a ce. To kafin ƙwan nan me ya faru? Ta yi doguwar tafiya, ta haɗu da abubuwan ban tsoro ta gaishe su da ladabi, tsohuwa ta ce ta cuɗa mata baya ta cuɗa ba ƙyama, aka ce ta zaɓa ta ɗauki ƙarami, aka gaya mata inda za ta fasa ta bi umarni. Gwaji huɗu ko biyar kenan kafin lada. Sannan tatsuniyar ba ta tsaya nan ba, sai ta sake tura 'yar mowa ta bi hanyar nan, ta haɗu da tsohuwar nan, ta yi tsiwa, ta wawuri babban ƙwai, ta fasa ya zame mata masifa. Wannan tafiya ta biyu ita ce shaidar cewa abin yana da ƙa'ida. Ɗan shekara 6 ma ya san dalilin da ɗaya ta samu ɗaya ta rasa. Haka Gizo, ba mai saukowa ya cece shi. Bakinsa da wayonsa ke fid da shi, kuma tun daga "ga ta nan ga ta nanku" mun san da su yake yawo.

Wani masani ɗan Rasha, Vladimir Propp, ya fitar da nazari a 1928 a kan tatsuniyoyin ƙasarsu guda 100, ya ware matakai 31 da suke bi. A mataki na 12 mai kyauta yakan gwada tauraro, a na 13 tauraro ya amsa gwajin, sai a na 14 ake miƙa masa abin tsafi. Tsohuwar littafi na ɗaya ta tsallake 12 da 13 ta faɗo a 14. Laifinta kenan.

Ga ma'aunin da za ki ɗora kowane ƙarshe a kai. Mai karatu ya san da abin kafin a buƙace shi? Tauraro ne ya yi wani aiki da ya jawo shi, ko yana zaune aka kawo masa? Me ya biya? Tsohuwa ta faɗi duka uku. Mikiya ma haka. Zobe ya ci rabin tambaya ta farko, ya faɗi sauran. Maganar jikar sarauniya kuwa ita ce mafi muni, domin tana komawa baya ta ci littattafai ukun da suka wuce. In takobi ba ya cin Talatu tun asali, to ba ta taɓa shiga haɗari ba, kuma duk fargabar da yaro ya yi mata a shafi 180 ta tashi a banza.

Akwai kuma gwaji mai sauƙi: ki cire Talatu daga babi na 11 ki ajiye buhun gero a gurbinta. In labarin zai ƙare yadda ya ƙare, to ba ita ce tauraruwar littafin ba.

Gyaran shi ne shuka. A littafi mai babi 12, duk abin da zai yi ceto a babi na 11 ya kamata a gan shi kafin babi na 3 ya ƙare, kuma a gan shi sau uku. Na farko, a nuna shi a cikin wata hidima dabam, ba tare da an buga masa ganga ba. Na biyu, wajen babi na 5 ko na 6, a yi amfani da shi a ƙaramar matsala don yaro ya koyi ƙa'idarsa. Na uku, wajen babi na 8 ko na 9, a nuna inda ya kasa ko abin da yake ci wa mai shi. Daga babi na 9 a rufe ƙofa: ba sabon mutum, ba sabon ƙarfi, ba sabuwar laya a ɓangaren tauraro. Maƙiyi kam yana iya samun sabon makami ko a babi na 10, domin tsautsayi da ya jefa yaro cikin rami mai karatu yana karɓa, amma sa'ar da ta fito da shi ba ya karɓa.

Inda ake kuskure wajen shukar guri biyu ne. Ko a cika surutu har yaro ya gane ƙarshen tun shafi na 20, ko a yi raɗa kamar yadda aka yi wa zoben nan. Ki tuna yawancin yaran nan babi ɗaya za su karanta a rana, ko a karanta musu da dare. Tsakanin babi na 2 da na 11 kwana tara ne. Layi ɗaya ba ya kwana tara a kan yaro. Abin da ke zama shi ne fage: aƙalla rabin shafi, wani ya taɓa abin, wani ya yi magana a kansa, wani abu ya faru.

Kawu Mai Tatsuniya, Kumo

Malam Na-Azare, Allah ya ƙara sani. Na yarda da kai a kan huɗu a jere sun yi yawa, amma ina jin tsoron kada a kai ma'aunin nan inda zai kashe labari.

Na farko, labarin da yaro kullum shi ke fid da kansa, ba babba, ba mai taimako, yana koya masa abin da ba haka rayuwa take ba. Yaro ɗan shekara 9 yana buƙatar ya san cewa in ya shiga uku akwai mai zuwa. Tsohuwar da ke bayyana a tatsuniya kaka ce, goggo ce, maƙwabciya ce. Kada a kore ta.

Na biyu, mu mutane ne da muka yi imani mafita na zuwa ta inda ba a zata ba. Ko a wajen Turawa ma ba kowa ne ya tsaya a kan maganar Aristotil ba. Tolkien, marubuci ɗan Ingila, a laccar da ya gabatar a 1939 a kan tatsuniya, ya kare wannan juyi na farin ciki da ke zuwa kwatsam bayan an yanke ƙauna, ya ɗauke shi a matsayin babban aikin tatsuniya. In an shuka komai sau uku, an auna babi da babi, labari zai koma lissafi, mamaki ya gudu.

Sai dai zan ba ka gaskiya a wuri ɗaya, kuma daga tatsuniyar kanta. Mai ba da tatsuniya yana da shukarsa, ita ce waƙa. Yarinya za ta rera baiti a bakin rafi, ta sake rerawa a gindin bishiya, yara su haddace, su riƙa amshi. In ta rera a karo na uku taimako ya zo, yaran da kansu suka kira shi da bakinsu. Kuma tatsuniya minti biyar ce zuwa goma, mai bayarwa yana kallon idon yara, in ya ga gyangyaɗi sai ya yanke da ƙurunƙus, ba wanda zai kama shi da laifi. Littafi mai shafi 60 ba shi da wannan uzuri, domin ya ci wa yaro mako biyu.

Shawarata ga 'yata marubuciya: ta bar mikiya, domin yara na son ta, amma ta ba Ɗanlami waƙar kiranta mai layi huɗu, a rera ta tun littafi na ɗaya. Sauran ukun ta gyara yadda Malam ya ce.

Malama 'Yar Misau

Kawu, barka da war haka. Maganarka ta biyu tana da nauyi, shi ya sa nake son a tsaya a kanta, domin ita ce mafakar marubuta da yawa: da an yi musu magana sai su ce ai ikon Allah ne.

Ba ina kwatanta Alƙur'ani da ƙagaggen labari ba ne, Allah ya tsare. Amma tunda Suratu Yusuf ita ce aka kira mafi kyawun labari a aya ta 3, babu laifi marubuci ya zauna ya dubi tsarinta. Mafarkin yana aya ta 4, fassararsa ta tabbata a aya ta 100. Riga ta zo sau uku: da jinin ƙarya, sannan a yage ta baya ta zama shaida, sannan aka jefa ta a fuskar mahaifi ganinsa ya dawo. Fitar Annabi Yusuf daga kurkuku ta biyo ta kan fassarar mafarkin da ya yi wa abokin zamansa shekaru kafin nan, wanda ya manta sannan ya tuna. Mafita ta zo ta inda ba a zata ba, haka ne, amma duk wanda ya waiwaya zai ga sababinta a shimfiɗe tun farko. Kuma mu aka ce wa mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Talatu ba ta ɗaure komai ba a littattafan nan huɗu.

Mamaki iri biyu ne, kuma ana jin bambancinsu a bakin yara. Akwai "Ashe!" akwai kuma "Daga ina kuma?" Na farko yaro ya tuno abin da ya gani a babi na 2, ya haɗa da kansa, ya ji daɗin kaifin kansa. Na biyu ya ji an yi masa wayo. Shuka ba ta kashe mamaki, ita ke haifar da "ashe".

A kan tsohuwa ma muna tare, kada a kore ta. Amma a raba aiki. Babba ya ba da makami, ko ya faɗi sirri, ko ya buɗe ƙofa ɗaya. Mataki na ƙarshe, wanda ke da zafi, yaro ne zai taka.

Maman Walida, tunda marubuciyar ta ce yara ba sa tambaya, a bar yaran su yanke. Ki tara 'yan aji 5 na firamare guda 8 zuwa 10, maza da mata, kada a zaɓo masu ƙoƙari kaɗai. A karanta musu littafi na biyu cikin zama uku ko huɗu, a tsaya a ƙarshen babi na 10 inda maciji ya sari Ɗanlami. Ki raba musu takarda, kowa ya rubuta yadda Talatu za ta cece shi, ba shawara da juna, domin in an bari su faɗa da baki duk za su bi mai bakin farko. Ki ƙirga. In babu ko ɗaya da ya ambaci zobe, ba a shuka shi ba. In kusan duka sun faɗi ƙarshen daidai, an cika surutu. Abin da ake so shi ne biyu ko uku su tuna da zoben amma su kasa sanin yadda za a yi da shi. Bayan an karanta babi na 11 ki yi musu tambaya ɗaya: me ya sa zoben ya yi aiki? In amsar ita ce "haka nan", a koma teburi. Kuma marubuciyar ta zauna a bayan aji tana ji, kada ta yi musu bayani.

Edita, Wunti

Salamu alaikum. Abin da ba a taɓo ba shi ne jerin littattafai ne, ba littafi ɗaya ba, kuma a jeri ciwon ninkuwa yake yi. Duk abin da ya yi ceto a littafi na ɗaya yana nan a aljihun tauraro a na biyu, kuma yara ba sa mantawa da shi ko marubuci ya manta. Ƙwaryar da ta tsaga rumbu, me ya hana ta tsaga ƙofar sarkin dodanni? Zoben da ya zuƙe dafi, ina ya shiga da aka ji wa wani rauni a na uku? Mikiyar da ta iya kwashe su daga bakin kogi, me ya hana ta kai su gida tun babi na 1 na littafi na huɗu? Kowane ceto na banza bashi ne da littafi na gaba zai biya.

Manyan marubuta ma sun sha wannan. A jerin Harry Potter, littattafai 7 daga 1997 zuwa 2007, littafi na uku na 1999 ya warware ƙullinsa da wata 'yar na'ura mai mayar da lokaci baya. A cikin littafin kansa an shuka ta da kyau, domin tun farko ana ta nuna yarinyar da ke riƙe da na'urar tana halartar darussa biyu a lokaci guda, ana mamakin yadda take yi. Amma da aka rufe littafin sai tambaya ta taso: in ana iya komawa baya, me zai hana a gyara kowace masifa? A littafi na biyar na 2003 sai aka farfasa rumbun na'urorin gaba ɗaya a cikin wani faɗa. Wato ceton da ya ci ma'aunin Malam Na-Azare a littafi ɗaya yana iya zama ƙaya ga jerin.

Maganinsa kundin kayan tsafi. Takarda ɗaya ce mai layi shida a tsaye: sunan abu, abin da yake yi, abin da ba ya yi, abin da yake ci wa mai amfani da shi, littafi da shafin da aka fara ganinsa, da inda yake a ƙarshen kowane littafi. Layi na uku shi ne mafi muhimmanci kuma shi ake bari fanko. Layar zana da ke ɓatar da mutum amma ba ta ɓoye sawunsa ko warinsa ta fi wadda ke yin komai amfani ga marubuci sau goma, domin kare zai iya bin sa. Ga yara 'yan wannan shekaru kada kayan su wuce biyar ko shida a jerin duka, kuma kowanne ƙa'idarsa ta shiga jimla ɗaya da yaro zai iya maimaitawa.

Kafin a fara kowane sabon littafi a ɗauko kundin, a bi kowane abu a tambaya: me zai hana wannan ya kashe rikicin nan a shafi na 5? Hanyoyin ritayar abu kaɗan ne. Ya ƙare, kamar ƙwarya mai bugu uku kacal. Ya karye ko a sace shi, amma a idon mai karatu, ba a ba da labari daga baya ba. Tsadarsa ta riƙa hawa duk amfani. Ko maƙiyi ya gano shi ya yi masa makari, wanda shi ya fi daɗi domin yana nuna maƙiyin yana da kai.

Dalilin da ke jefa marubuta cikin wannan kuwa, yawanci ba lalaci ba ne. Sun fara ba su san ƙarshe ba, musamman masu sakin labari babi-babi a WhatsApp, inda kowane dare sai an tsaya a wurin da zai sa a dawo gobe. Ana ta ƙara ɗaure ƙulli, babi 10 na ɗauri, saura ɗaya na kwancewa, ƙullin kuma ya fi ƙarfin yaran da ke cikinsa. Rumbu ba ƙofa, Dodo a waje, yara biyu ba makami: marubuciyar da kanta ta toshe duk hanyar da Talatu za ta bi. Shi ya sa nake cewa a fara rubuta babi na 11, sannan a koma baya ana tambayar me yaran ke buƙatar su sani, su mallaka, su rasa kafin su iso nan.

Maman Walida, Pantami

Allah ya saka da alheri, na tura mata duka ta karanta, kuma ta sauko. Matsala ɗaya: ta riga ta biya mai zane, an gama hotunan tsohuwa da zobe da mikiya, ba ta da halin sakewa. Kuma ba ta son shafuka su ƙaru sosai saboda kuɗin takarda. Malam Na-Azare, Edita, in da hali ku nuna mana a aikace yadda za a gyara da abin da ke ƙasa.

Malam Na-Azare

Malama, ba sai an zubar da hoto ko ɗaya ba, matsar da su za a yi.

Littafi na ɗaya: a ɗauko tsohuwa daga babi na 11 a kai ta babi na 2. Yaran na jin yunwa, saura musu ƙuli-ƙuli uku, ta roƙa. Ɗanlami ya ce a hana, Talatu ta ba ta biyu. Ita kuma ta ba su ƙwarya da sharaɗi: tana buɗe abin da aka rufe, amma sau uku a rayuwarta, kowane bugu tana tsagewa. A babi na 5 Ɗanlami ya ɓarnatar da bugu ɗaya a kan tukunyar zuma, su yi faɗa. A rumbu Talatu ce za ta buga, da hannunta, kuma sai ta jira Dodo ya yi barci, domin ƙarar za ta tashe shi. Saura bugu ɗaya, a adana shi har littafi na huɗu. Yara za su yi ta ƙirga shi.

Littafi na biyu: zoben ba ya kashe dafi, ɗauke shi yake ya zuba a jikin wanda ya sa shi. A babi na 5 kunama ta harbi ɗan akuya, Talatu ta gwada, yatsanta ya kwana yana zogi. A babi na 8 wani ya yanke da ƙarfe, zoben ya ƙi aiki, a gane dafi kaɗai yake ja. To a babi na 11 ba tambayar ko akwai magani ake ba, tambayar ita ce ko za ta yarda ta ɗauki dafin maciji bayan ta san abin da na kunama ya yi mata. Ta ɗauka, hannunta na dama ya mutu har ƙarshen littafi na uku. Wannan kuma ya amsa tambayar Edita, domin ba za ta iya sake sa shi ba.

Littafi na uku: a bi shawarar Kawu, waƙa mai layi huɗu. A ƙara cewa Ɗanlami ne ya kwance ɗan mikiyar daga tarko, kuma ita mutum ɗaya take iya ɗauka a tashi ɗaya. A bakin kogi sai an zaɓi wanda zai fara tafiya, wanda ya rage ya san yadda zai riƙe runduna har ta dawo. Talatu mai hannu ɗaya ce za ta rage. In hoton ya nuna su biyu a bayanta, a mayar da shi shafin ƙarshe, bayan an tsira, a ce tafiyar gajeriya ce.

Littafi na huɗu: maganar jikar sarauniya a cire mata kariyar takobi gaba ɗaya. In marubuciyar na son ta, ta bar ta a matsayin labarin da tsohuwa za ta ba su bayan an gama. Sarkin dodanni ya faɗi ta hanyar bugun ƙwarya na ƙarshe: tun littafi na biyu a nuna yana da wani tulu a rufe da ba ya barin kowa ya kusanta, a na uku a ji raɗe-raɗin abin da ke ciki.

Batun shafi, kowane littafi fage uku ne sababbi, kowanne shafi ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wato shafi 4 ko ƙasa da haka in an rage bayanin da tsohon babi na 11 ke yi na kare kansa. 60 da 4 ya zama 64, kuma maɗaba'a da ma yawanci ninki 16 take buga shafuka, don haka 64 ɗin cif take faɗawa ba asarar takarda. Ta fara da littafi na biyu, a kai wa yaran Malama 'Yar Misau, a ga takardunsu kafin a taɓa sauran.